Wasan Wayar Bukar da Ƙodar Habu

Akwai wata magana da nake so in gyara tun hannuna yana iya riƙe biro. Ke Zainabu kina ɗakin mijinki a Damaturu a lokacin, kai Musa kana makarantar kwana, ke kuma Hadiza ba ki kai a zaunar da ke a yi miki bayani ba. Abin da ya zo kunnenku shi ne wai na yi wata biyar ina ƙin karɓar ƙodar Baffanku Habu don tsoron wuƙar likita, kuma wai mutanen gida suna kuka ni ina can ina wasan yara a waya. Wasan kam na yi shi, ba zan musa ba, yana ma da hannu a ƙin da na yi. Amma tsoron wuƙa ba ya ciki. Bari in ba ku labarin yadda ya faru, in ya so ku yanke naku hukuncin.

Kun taso kun same ni ina gyaran injin ban-ruwa, kun kuma san halina: ba na iya ganin abu yana aiki in wuce ban san abin da ke motsa shi ba. Rediyon da mahaifinmu ya zo da ita daga Haɗeja sau biyu ina kwance ta, sau biyu ina shan bulala. Habu ba haka yake ba. Shi dangin mahaifiyarmu ya bi, Badawa masunta, tun yana ƙarami yake kan gora a ruwa, kuma in ka tambaye shi yadda ya san inda tarwaɗa take sai ya ce maka ya sani kawai. Ni na tsaya a gaɓa wajen masu albasa da tattasai da shinkafa, ina sauraren injuna. Daga tarin inji nakan gane ko fulogi ne, ko iska ce ta shiga tiyo, ko yashi ne ya ci farfela. Shekara talatin da wani abu ina wannan aiki a fadamun Gashuwa, har ranar da na ga takalmina ya daina shiga ƙafata.

Ciwon ƙoda ba baƙo ba ne a garinmu, kowa ya san gidajen da ya shiga. Wasu suna cewa ruwan sha ne, wasu maganin feshi, wasu kuma ƙwayoyin ciwon jiki da muke haɗiya mu koma gona cikin rana. Na tambayi duk wanda na ga alamar zai sani, har yau ban samu amsar da ta kwantar mini da hankali ba. Abin da aka gaya mini a asibitin Nguru dai shi ne ƙodojina biyu sun gaji, sai an riƙa wanke mini jini sau biyu a mako. Haka na fara zirga-zirga. In idar da sallar asuba in shiga mota, mu bi ta Jajimaji, hantsi ya yi mana a Nguru.

Ranar farko Innarku tana bakin ƙofa tana sharar hawaye, ni kuwa idona yana kan injin. Tiyo biyu ne sirara, ɗaya yana ɗauke jinin, ɗaya yana mayarwa. A tsakani akwai wata ƙafa mai juyawa tana matsa tiyon tana tura jinin gaba ba tare da ta taɓa shi ba, sannan ga matata doguwa kamar gorar ruwa. Ban taɓa ganin famfo mai hikima irin wannan ba. Na yi ta yi wa nas ɗin tambaya har ta gaji da ni.

“Baba, ka kwanta ka huta mana,” in ji ta. “Injin nan ba ya neman makanike.”

Cikin mako uku na gama gane abin da zan iya ganewa a jikinsa, daga nan zaman ya fara yi mini nauyi. Awa huɗu ne kana kwance, hannu ɗaya a miƙe da allurai, ba ka da abin kallo sai silin.

A gadon da ke hannun damana akwai wani mutum mai suna Bukar, malamin firamare ne daga Yusufari, Babarbare, dogo siriri, bai wuce shekara talatin da biyar ba. Ya riga ni fara wankin da kusan shekara biyu, don haka shi ne ya koya mini abubuwan da likitoci ba sa faɗa, kamar zuwa da bargo ko da ana zafi. Yana shigowa zai ce, “Wushe, Baba,” wato sannu a harshensu, ya kwanta, a ɗaura masa injin, sai ya jingina waya a ƙirjinsa ya riƙa dannawa da babban yatsa. Wani ɗan kiɗa yana fita a hankali, shi kuma wani lokaci ya yi murmushi, wani lokaci ya yi tsaki. Na daure zuwa uku, a na huɗu na kasa.

“Malam Bukar, wai me ke cikin wayar nan da yake sa ka tsaki?”

“Dodanni ne, Baba. Faɗa suke yi.”

“Su wa suka haɗa su faɗan?”

Ya yi dariya, ya roƙi nas ta matso da gadona kaɗan, ya juyo mini da fuskar wayar.

Ga yadda wasan yake, don na san a cikinku Musa ne kaɗai zai gane ba tare da bayani ba. Mutum yana yawo a daji yana kama wasu ƙananan halittu, ya rene su, sannan ya fito da su su yi faɗa da na wani. Ba kokawa ba ce ta rikici, bi da bi ake yi: naka ya kai hari, na abokin faɗa ya rama. A saman kowane dodo akwai wani layi kore, shi ne ransa. In aka buge shi layin ya ragu, ya koma rawaya, ya koma ja, in ya ƙare dodon ya faɗi. Akwai na wuta, akwai na ruwa, akwai na dutse, kowanne da wanda yake rinjaya da wanda yake tsoro. Bukar yana da wani da yake ji da shi, kamar dunƙulen ciyawa mai ƙafa biyu da ido ƙwala-ƙwala. Ya sa masa suna Kacalla, sunan ciyawar nan da ta toshe mana hanyoyin ruwa.

A ranar Kacalla yana karawa da wani ƙaton dodo na dutse, kuma ya sha duka har layinsa ya yi ja. Na ce a raina ya gama. Sai Bukar ya danna wani wuri. Wasu ɗigo-ɗigo koraye suka fito daga jikin na dutsen suka kwararo cikin Kacalla. Layin na dutsen ya yi ƙasa, na Kacalla ya tashi daga ja ya koma rawaya.

“Tsaya,” na ce. “Me ya faru yanzu?”

“Tsotso ke nan. Sunansa da Turanci daban ne, ni haka nake kiransa. Yana zuƙe ran wancan ya ƙara a nasa.”

“Sake yi in gani.”

Ya sake. A karo na biyu na lura da abin da ya hana ni sukuni wata da watanni: abin da ya fita daga layin wancan ya fi abin da ya shiga layin namu. Na gaya wa Bukar, ya ce shi bai taɓa kula ba. Zuwa na gaba na taho da tsinken tsintsiya a aljihu. Na ɗora shi a kan gilashin, na sa farce na yi alama kafin harin da bayansa, na gwada a kan dodanni masu tsawon rai kusan ɗaya. Rabi ne. Ko an zuƙi da yawa ko kaɗan, rabi ne yake isowa.

“To ina sauran rabin yake tafiya?” na tambaye shi.

“Baba, wasa ne fa.”

“Na ji wasa ne. Amma in na ja ruwa daga kogi na ga rabi ne ya isa kwamin shuka, na san akwai inda tiyo ya huje. Ina hujin wannan?”

Daga ranar wayar ta zama tamu mu biyu. Shi ya yi awa biyu, ni in yi biyu. Bukar cin nasara yake nema, ni kuwa ban damu da nasara ba, gwaji nake yi, har yakan ce ina ɓata masa dodanni. Na gano cewa a jikin na dutse da na ruwa tsotson yana kamawa sosai, a jikin na wuta kuwa da ƙyar yake samun abin kirki. Na gano in layin wancan ya kusa ƙarewa, ɗan abin da ya rage kaɗai za ka raba, ba ka tsotsar abin da babu. Na gano in naka layin a cike yake, wancan zai yi asara kai kuma ba ka ƙaru da komai ba. Wata rana ma muka gamu da wani dodo mai kama da kwatami, Kacalla ya tsotse shi sai layin Kacalla ne ya ragu, ashe ruwan jikinsa dafi ne. Na yi ta mamakin mutanen da suka zauna suka yi tunanin wannan duka. Ba zan ɓoye muku ba, a watannin nan na fi ɗokin ranar zuwa Nguru fiye da yadda ya kamaci mara lafiya.

Ana cikin haka, wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Habu ya shigo gidanmu. Ina kwance a tabarma ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida, Innarku tana tsince shinkafa. Ya zauna ya gaishe ni, ya ciro wata takarda a ninke daga aljihu ya ajiye a gabana.

“Yaya, na je an ɗebi jinina. Sun ce irin naka ne. Sun ce in sauran gwajin ya yi kyau ana iya cire ɗaya a sa maka.”

Innarku ta ajiye faranti ta rufe fuska da mayafi. Ni kuwa, Allah shi ne shaida, abin da na fara gani a idon zuciyata layi biyu ne, ɗaya a kan Habu ɗaya a kaina, da ɗigon nan koraye suna tahowa daga wajensa. Mutum ne mai 'ya'ya bakwai, da ƙarfin jikinsa yake ci da su. Kogi ɗaya muka sha, rana ɗaya ta dake mu, wa ya san abin da ke jiran tasa ƙodar? Na ce a raina za a zuƙe masa cikakke, ni in samu rabi, sauran ya bi iska, ƙarshenta mu faɗi mu biyu.

“Ɗauke takardarka,” na ce masa. “Ba na so.”

“Don me?”

“Ba na so kawai.”

Ban yi masa bayani ba. Ta yaya dattijo mai jikoki zai ce wa ƙanensa dodon waya ne ya nuna masa? Habu ya ninke takardarsa ya mayar aljihu, ya yi sallama ya fita. Innarku ta jira har ya yi nisa.

“Malam, in tsoro kake ji ka faɗa, ba abin kunya ba ne.”

Na yi shiru. Ina jin daga wannan shirun ne maganar tsoron wuƙa ta samo asali, don haka ba na ganin laifinta.

Wata biyar aka yi a haka. Kowace Juma'a Habu zai zo da ɗan kifi, ya zauna, mu yi maganar ruwa ya ja ko bai ja ba, ya tashi ya tafi, bai sake ɗago zancen ba. Innarku ta rage magana da ni sai abin da ya zama dole. Jikina kuma yana ta yin ƙasa. Na daina iya zuwa fadama, masu injuna suka riƙa kawo su ƙofar gida, daga baya sifana ma ta fara yi mini nauyi. Rannan ina kan injin jinina ya faɗi, na ji ɗakin yana nisa, ban farfaɗo ba sai da na ga nas biyu a kaina. Da suka tafi na miƙa wa Bukar hannu ya ba ni wayar, don lokacina ne. Bai ba ni ba.

“Baba, matarka ta tsayar da ni a waje ɗazu. Ta ce ƙanenka ya ba ka ƙoda ka ƙi. Gaskiya ne?”

Shi kaɗai ne mutumin da nake ganin zai gane, don haka na gaya masa komai, har maganar layi biyun. Ya saurare ni bai katse ni ba.

“Kana so ka san inda rabin yake tafiya?” ya ce. “Ba ya tafiya ko'ina. Babu shi tun farko. Wasu mutane ne suka zauna suka ga in suka bar dodon ya samu duka ba wanda zai iya kayar da shi, wasan ya lalace, sai suka rubuta rabi. Da sun ga dama su rubuta kwata. Babu tiyo, babu huji, lamba ce kawai.”

Na buɗe baki zan yi magana, ya ci gaba.

“Ni 'yan'uwana biyu suka zo gwaji. Na farko jininmu bai zo ɗaya ba. Na biyun ana auna shi aka ga tasa ma ta fara taɓuwa. Fiye da shekara biyu ke nan ina kwanciya a gadon nan ba ni da wanda nake jira. Kai kuma an kawo maka har tsakar gida, ka mayar saboda Kacalla.”

Ban taɓa jin wannan labari ba sai ranar. Wata nawa muna raba waya, na san sunan kowane dodo nasa, ban taɓa tambayarsa ko yana da mai ba shi ba. Kunyar da na ji a lokacin har yanzu ba ta gama sakina ba.

“Ban ce ka karɓa ba,” in ji shi, muryarsa ta sauko. “Ƙila ma kana da gaskiya, ni ba likita ba ne. Amma tambayoyin da ka yi mini a kan wasan nan sun fi ɗari. Guda nawa ka yi wa likita a kan ƙodar ƙanenka?”

Ko ɗaya ban yi ba. Ni da na addabi nas a kan ƙafar famfo, abin da ya shafi ran Habu sai na yanke masa hukunci da tsinken tsintsiya.

Akwai wata likitar ƙoda da take zuwa duba mu ranar Alhamis, mace ce mai kimanin shekarun Zainabu, ba ta da yawan magana. Na yagi bayan kwalin fulogi na rubuta tambayoyina, na jira ta gama zagaye, na roƙe ta minti goma. Ta ba ni fiye da rabin awa. Na tambaye ta in aka cire wa mutum ɗaya, rabin ƙarfinsa ya tafi ke nan? Ta ce a'a, wadda ta rage takan ƙara girma ta ɗauki kaso mai yawa na aikin 'yar'uwarta, ko da yake ba ta mayar da shi duka. Na ce wadda aka dasa fa, rabin aiki take yi? Ta ce in jiki ya karɓe ta, ita kaɗai ta ishi mutum ya rayu ya yi harkokinsa, amma zan sha magani har ƙarshen raina, kuma tana iya gajiya wata rana. Sai na yi tambayar da ta fi damuna, na ce mutumin da ya sha ruwan da na sha fa?

“Wannan ita ce tambayar,” ta ce. “Shi ya sa ba za mu taɓa shi ba sai mun bincike shi ciki da waje. In muka ga ko alama, magana ta ƙare. Amma Baba, ba zan ce maka babu haɗari ba. Akwai. Zai rasa wani abu. Abin da zan iya gaya maka shi ne ba kai za ka ƙwata ba, shi ne zai bayar, kuma shi ma yana da hakkin a saurare shi.”

Washegari da hantsi na sa aka kai ni bakin kogi a babur. Na samu Habu a inuwa yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi. Na zauna a kan kifaffen kwalekwale na karanta masa duk abin da likita ta ce, har da haɗarin, ban rage komai ba. Yana ji yana ɗinkinsa.

“Na san wannan,” ya ce. “Sun gaya mini tun ranar farko.”

“Ka sani, kuma ka kawo takardar?”

“Yaya, kai sai ka kwance abu ka ga cikinsa kafin ka yarda da shi. Ni ba haka nake ba. Na ga kana mutuwa, ina da biyu.”

Na ce masa ina da sharaɗi: in gwaji ya nuna ko ɗigon matsala, an bar maganar har abada, kuma bayan aikin duk lokacin da za a auna ni sai an auna shi. Ya ce ya yarda, shi ma yana da nasa: kada in taɓa yi masa godiya a gaban mutane. Na karya wannan sharaɗin yau da na rubuta, amma ku ba mutane ba ne, 'ya'yansa ne.

A Kano aka yi aikin, bayan an shafe makonni ana juya Habu kamar yadda nake juya kabireta. Fadamar da muka gada ta tafi a wannan hidima, manoman da na yi wa gyara shekara da shekaru su ma suka sa hannu, Allah ya saka musu. Kwana biyu da aikin ina kwance, sai ga Habu ya turo ƙofa, an sa masa takunkumi a baki, yana tafe a duƙe yana dafe da gefen ciki. Bai tambayi jikina ba.

“Tana aiki?”

Na nuna masa jakar fitsarin da ke rataye a gefen gado. Ni da na yi watanni ba na cika ko kofin shayi a yini, ga jaka ta kusa cika. Muka zuba mata ido mu biyu, dattawa da furfura, muna kallon ɗigo yana sauka.

“Ashe haka take da ƙoƙari,” in ji shi. “Shekara hamsin muna tare ban sani ba.”

Na yi dariya har ɗinkin ya yi mini zafi.

Kada ku ɗauka abin ya tafi kyauta. Habu bai shiga ruwa ba duk wannan kakar, kuma har yau ba ya iya jan taru yini guda kamar da, yakan ce gefen yana yi masa magana. Ni kuma magungunan da nake sha sun rage wa jikina ƙarfin kare kansa, aka hana ni taɓo da ruwan fadama, wato aka raba ni da sana'ata. Watanni biyar ɗin da na ɓata su ma sun taɓa mini zuciya, likita ta ce da na zo da wuri da ba haka ba. Wannan laifina ne ni kaɗai, kada a ɗora wa kowa.

Da aka ba ni izinin shiga mutane, Nguru na fara zuwa. Na daɗe a bakin ƙofar ɗakin wankin kafin in shiga, don ban san yadda zan tsaya da ƙafafuna a gaban Bukar ba. Yana gadonsa, ya ƙara ramewa, wani baƙo yana kan nawa. Ya gan ni ya yi murmushi.

“Wushe, Baba. Matso in gan ka.”

Na ja kujera na zauna. A ranar shi ne mai tambaya. Ina aka yanka? A gaba aka sa ta ko a baya? Tsofaffin an cire su ko suna nan? Ana jin motsinta? Na amsa masa ɗaya bayan ɗaya, har na ɗaga riga na nuna masa tabon. Sai ya kalli robar ruwan da ke hannuna. Mai wankin ƙoda auna masa ruwan sha ake yi, ɗan kaɗan a yini, ko da kuwa zafin Nguru zai fasa dutse, don jikinsa ba ya iya fitar da shi.

“Yanzu nawa suka ce ka sha?”

“Sun ce in sha da yawa.”

“Da yawa,” ya maimaita, kamar yana ɗanɗana kalmar. “To sha in gani.”

Na ce masa a'a, ba zan sha a gabansa ba. Ya ce roƙona yake yi, ya manta yadda ake yi ne. Na buɗe robar, na yi bisimilla, na kafa kai. Ina sha ina jin idonsa a maƙogwarona. Ban sauke ba sai da ta ƙare.

“Alhamdu lillahi,” in ji Bukar, kamar shi ya sha.

Ya rasu bayan damina ta ɗauke, aka kai shi Yusufari. Ya bar mata da 'ya'ya mata biyu, gidansu yana bayan makarantar da ya koyar. Duk wanda hanya ta bi da shi can a cikinku, ya tsaya ya gaishe su, ya ce daga gidan Sale makanike yake. Sun san sunan.